Ƙaramin Yaro Ya Zo Na Huɗu

… na huɗu fa, Baban Ulan. Na huɗu! Kujeru uku ake nema, shi ya zo na huɗu. Ƙaninka. Ƙaninka da ya shekara ashirin da biyu a majalisar ƙauyen nan har kujerar ta lotsa daidai jikinsa. Ita kuwa ta biyu. Jipara. Matar ɗanka, wadda ke tatsar saniyarmu kafin ta tafi koyar da lissafi. Ta biyu, kana jina?

Man ya yi zafi. Bari in jefa ƙullun … kada ina ta zuba da kai fanke ya ƙone, ga mutane nan tafe. Za su zo ai. Duk Unguwar Gangare za ta zo, har waɗanda suka ci naman dokinsa makon jiya suka lashe yatsu, su ma za su shigo suna "ai dama mun sani." Su shigo. Kwano uku manya na kwaɓa, kowa zai samu.

Salkin ce ta kawo labarin ɗazu da safe. Maƙwabciyarmu, ka tuna ta — ta ƙara ƙiba bayanka. Da gudu. Salkin da gudu! Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ɗankwali ya zame har wuya. "Kalica! Kalica, fito, an manna takardar a ƙofar makaranta!" Ina zuba wa saniya ciyawa. Na ce faɗi mana. Ta kasa, numfashi ya ƙi. Ta ɗaga yatsu biyu ta nuna ɗakin Jipara. Ta ɗaga huɗu ta nuna tudu. Sai muka zube a kan ciyawar, tsofaffi biyu, muna dariya har da hawaye, saniya tana kallonmu tana tuƙa.

Jipara ta tafi ta gani da idonta. Mai lissafi ba ta yarda da yatsun Salkin.

Ƙuri'a huɗu ce tsakaninsa da na uku. Huɗu kacal. Ɗaya tawa ce — eh, gara ka ji daga bakina. Kowa yana iya zaɓar mutum uku a takardar, ni mutum ɗaya na zaɓa. Na tsaya a bayan labulen nan jiya, sunan ƙaninka yana kallona, na kalle shi, na naɗe takardata. Kada ka ɓata rai. Shekara ashirin da biyu ina ba shi saboda kai.

Sunan nasa … ko a zuci sai na waiwaya. Jumakadir. To, na faɗa, ba wanda ya ji. Shekara arba'in da bakwai bai taɓa fita daga bakina ba. Matar gida ba ta kiran dangin miji da suna, mahaifiyarku ta ja min kunne tun ranar da aka kawo ni. Yana ɗan shekara goma sha uku a lokacin, kunnuwa fato-fato, na laƙaba masa Ƙaramin Yaro. Yanzu yana da sittin, tumbi yana riga shi shiga ɗaki, ga farar hula mai tsini, ga motar lasifika wata guda tana zagaya gari tana ihun sunansa. Ni dai Ƙaramin Yaro.

Waɗannan sun yi ja. A kwashe. A sa wasu …

Ba ka san farkon ba. Ina za ka sani, shekara tara kana kwance a gindin dutsen can. Famfonmu, ka bar shi yana ɗiga. Bayanka da shekara ɗaya ya ɗauke ɗif. Famfo goma sha ɗaya a Gangare, dukansu. 'Yan Tudu suna da nasu, a gidansa har mota ake wankewa. Mu kuwa jarka — a hau tudu, a sauko, a sake hawa. Da rani da sauƙi. Da sanyi hanya ta daskare kamar gilashi. Bara, tsakiyar sanyi, Jipara ta zame. Jarka biyu a hannu, ciki wata biyar. Cikin ya zube. Ni na wanke kayan. Namiji ne, Baban Ulan, an gane. Ulan yana Mosko a kan gini, ya yi kuka a waya, ya ce Allah ya kawo mai albarka. Ita kuwa kwana tara ta tashi ta ɗauki jarka.

Shi ya sa da ta matso kusa da ni a ƙarshen rani — muna cusa tumatir da kokwamba a kwalabe, hannunta duk ruwan gishiri — ta ce, "Apa," haka suke kirana, wato uwa, "ina so in tsaya," na ce tsaya a ina, ba ga ki a tsugune ba? Ta ce majalisa. Na ce kin san wanda ke can? Ta ce ta sani. Tsoro na ji, ba zan ɓoye maka ba. Suruka ta ja da baffan mijinta? Gari ɗaya, dangi ɗaya, maƙabarta ɗaya? Da ya yi shiru … wallahi da ya zauna a gidansa ya yi shiru, da ni da kaina zan hana ta.

Amma ina. Ya zo. Ya ajiye mota a ƙofar gida yadda kowa zai gani, ya wuce saman shimfiɗa, wurin zamanka, ya baje. Jipara a bakin ƙofa tana zuba shayi, kai a sunkuye. Ko kallonta bai yi ba. "Matar yaya, ki ja wa yarinyar nan kunne. Gidan yayana ba zai zama abin dariya ba." Na ce ruwa take nema, Ƙaramin Yaro. Ya kurɓi shayi, ya ɗauki zuma. Ya ce, "Matan garin nan tun kakanninmu suke ɗiban ruwa. Wa ya mutu?"

Wa ya mutu.

Na dubi hannunta. Butar ko motsi ba ta yi ba. Ta karɓi kofinsa ta cika shi fal har baki — kai ka san ma'anarsa, ba a cika wa baƙo kofi sai in ana so ya sha ya tashi. Ya gane. Wuyansa ya yi ja. Ya tashi. Motarsa ba ta kai kwana ba na ce mata, ɗauko takardun, gobe tare za mu je.

Wuta ta yi yawa. A janye itace ɗaya … wannan hayaƙin ne ke sa min hawaye, ba wani abu ba.

Sai ƙaninka ya koma ta wajen Ulan. Kullum waya, kullum waya. Ulan ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa kamar ranar da ya fasa tagar makaranta. "Apa, ki hana ta don Allah. Baffa ya ce ko ta janye ko ta tafi gidansu, kuma ni ina nesa, ni ake zagi." Ɗanka ne, zuciyarka ya ɗauko, ba ya son rigima. Na ce Ulan, in ta tafi gidansu da ni za ta tafi, da yaran. Ka dawo ka tarar da saniya, ku zauna. Ina jin ƙarar injin a bayansa. Ya ce, "Haba Apa." Na ce ba haba. Na kashe. Ni na kashe masa waya! Na je na tsinki tuffa bokiti huɗu kafin na huce.

Ƙaninka kuwa, shi mota, shi lasifika, shi hotuna a kowane bango. Ya yanka doki. Ya shirya wasan ƙwatar akuya a filin bayan gari, mahaya talatin, ɗan maraƙi ga wanda ya ci — na je na kalla, me zai hana, wasa ya yi kyau. Mu me muke da shi? Gayya. Kaka ce, kowa na haƙar dankali, kowa na tsinkar tuffa, hannu ake nema. Jipara ta tashi daga makaranta ƙarfe ɗaya, ta zura takalmin roba, mu nufi gonar mai gayyar ranar. Ba ta taɓa cewa ku zaɓe ni ba. Tana sunkuye tana tsintar dankali tana tambaya: sau nawa kike hawa tudu a rana? Ta rubuta a ɗan littafi. Rannan ana ɗinkin shimfiɗar gashin tumaki a tsakar gidan nan, ta auren 'yar Salkin, mata goma sha biyu, allura na tafiya baki na tafiya — ta buɗe littafin. Ta ce kowace mace a Gangare, tafiyar da take yi da jarka a shekara ta kai daga nan zuwa Bishkek, babban birni, da dawowa, sau biyu. Sai Salkin ta ce, "Sau biyu? Kuma ko sau ɗaya ban ga Bishkek ɗin ba!" Aka kwashe da dariya. Amma na ga idanu. Ba dariya kaɗai aka yi ba.

Zauren taro kuma … kai, da kana nan! Kowane ɗan takara minti biyar. Ta hau, ɗankwali fari, ƙafafu a haɗe. Tana cewa "wanda ke kan kujerar yanzu," "wanda ke kan kujerar yanzu," sai wani daga mutanensa a baya ya ɗaga murya: "Faɗi sunansa mana, malama!" Tarko ne. Ta faɗa, an ce ba ta da kunya. Ta ƙi, an ce tsoro. Ta ce, "Sunansa ya fi ƙarfin bakina, baffan mijina ne. Amma famfunan da suka bushe ba surukaina ba ne." Ta fara jero su. Na ƙofar Salkin. Na kusa da injin niƙa. Na gaban gidan makaho. Goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, da shekarar da kowanne ya ɗauke. Ta kai na bakwai mata suka fara amsa mata. Ni ina layi na biyu ina taunar gefen ɗankwalina kada in yi guɗa.

Waye a ƙofa? … A'a, iska ce. Ganyen nan ya cika tsakar gida, rawaya ko'ina, wa zai share yau.

Amma darar, Baban Ulan. Darar nake son ba ka labari, tun ɗazu nake kewaye-kewaye.

Ranar gayyar ƙaninka ce. Dangi dangi ne, mun je haƙar dankalinsa, ni da ita, saura sati biyu zaɓe. Mutane suna ta satar kallonmu. An ci abinci, maza suka koma gindin dogayen bishiyoyin bakin gona, aka fito da allon. Allon mahaifinku, mai gurbi tara-tara, wanda ya ɗauke daga gidan nan ranar sadakar arba'in ɗinka bai ko tambaye ni ba. Ya cinye likitan dabbobi. Ya cinye mai shago. Ya miƙe ƙafa yana shafa tumbi. "Tun da yayana ya rasu ban sami abokin wasa ba. Wa ya rage?"

"Ni."

Ban san lokacin da kalmar ta fita daga bakina ba. Tiren kofuna yana hannuna.

Dariya. Har wani ya ƙware da shayi. Ya ce, "Matar yaya, wannan fa ba murza taliya ba ne." Na ce, Ƙaramin Yaro, ni na wanke wandonka ranar da jaki ya yar da kai a kwata, matsa min. Aka sake kwashewa, wannan karon ba da ni ba. Wasan matar wa da ƙanin miji, wa ya isa ya hana? Ba shi da hanyar gudu. Ya ce to me za a sa? Na ce in na ci, ka daina kiran ɗana a waya, ka bar yarinyar nan ta tsaya. In ka ci, gobe ni zan kai ta ta cire sunanta.

Na faɗa. Abin da ba nawa ba na ɗora a kan allo. Tana tsaye a bayana da butar shayi … ban waiwaya ba. Na kasa. Har yau ba ta yi min maganar ba.

Amma na sani ai! Na san abin da na sani! Shekara talatin da takwas, duk kaka in an gama kwashe amfanin gona, kai da shi a kan allon nan, ni a gefe ina zuba shayi. An ce matar gida ta sunkuyar da kai. Na sunkuyar. To idon da aka sunkuyar ina zai sauka in ba a kan allo ba? Da rana in kun tafi, ni da ƙwallayen 'ya'yan itace a bayan garke, na tona gurbi goma sha takwas a ƙasa, ina buga hannunka, ina buga hannunsa. Ka taɓa kama ni, ko? Kada ka musa. Ka zo neman igiya, ka ga gurbin, ka taka a hankali ka zagaye su. Ba ka ce komai ba. Amma daga ranar kullum sai ka ɗan karkata allon wajen da nake zaune. Ka ɗauka ban lura ba?

Na zauna. Gwiwoyina suka yi ƙara, kowa ya ji. Na ɗebi 'ya'yan farko … sanyinsu. Ban taɓa taɓa su ba sai in zan goge ƙura.

Gaggawa ce ciwonsa, tun yana yaro. Ya ga ci sai ya kai hannu. Na bar masa. Ya ci goma, ya ci goma sha huɗu, ya ci shida. Maza suka fara jin tausayina. "A bar tsohuwa ta tashi da mutuncinta." Mai shago ke nan, wanda bai daɗe da shan kashi ba. Ni ina tarawa a gurbin dama, ina ƙirga a zuci kamar yadda kake yi, leɓe ba ya motsi. Ɗaya, biyu … in ya taɓa na huɗunsa ya mutu. Taɓa mana. Taɓa. Yana magana da na kusa da shi a kan farashin ciyawa, ko allon ba ya kallo — ya taɓa.

Na kwashe goma sha ɗaya. Na bi da su, tak, tak, tak, na tsallaka gidansa. Ta ƙarshe ta faɗa gurbinsa na bakwai, inda biyu ke kwance. Uku. Gishiri, in ji 'yan dara! Gurbin ya zama nawa, a tsakiyar gidansa, duk ƙwayar da ta bi ta nan tawa ce har a tashi. Ana sa alama ai. Na duba ban ga abin sawa ba, na cire ɗan kunnena na ajiye a ciki. Wanda ka sayo min shekarar da aka ba ni lambar yabon tatsa.

Maganar ciyawa ta tsaya.

Daga nan ban ƙara jin komai ba sai ƙarar 'ya'yan dara. Mata sun bar tukwane sun zo sun tsaya. Matarsa ma, da ludayi a hannu. Ya cire hular, ya mayar, ya sake cirewa. Duk zagayen da ya yi sai ya zuba min ɗaya a kan ɗan kunnen nan da hannunsa — da hannunsa, Baban Ulan! Ganye yana faɗowa a kan allo, ba mai cirewa. Gidansa ya fara yashewa. Ya daɗe yana kallon gurbi biyun da suka rage masa kamar za su haihu.

Likitan dabbobi ne ya ƙirga, da ƙarfi, ɗaya-ɗaya, yana jin daɗinsa. Tamanin da biyu ake nema. Da ya kai tamanin mata suka kama ƙirgawa tare da shi. Da ɗaya. Da biyu. Da uku, da huɗu, da biyar.

Ƙaramin Yaro ya ce, "Yayana ne ya koya miki." Na ce yayanka bai taɓa ce min uffan a kan dara ba. Gaskiya na faɗa, ko ba haka ba? Na mayar da ɗan kunnena, a hankali, sai da na laluba hujin. Na juye 'ya'yan a jakarsu, na rufe allon, na sa a hammata. Na ce wannan na gidanmu ne. Na bi ta tsakiyar gonar na tafi, ban waiwaya ba, bayana a miƙe kamar ban taɓa ɗaukar jarka ba. Sai da na sha kwana na jingina da katangar wani na yi ta haki.

Ga allon can a kan akwati. Ya dawo gida.

Kafin rana ta faɗi labari ya kai ƙauyen gaba. Washegari a shago: "Ina Ƙaramin Yaro?" A bakin injin niƙa: "Ƙaramin Yaro ya wuce?" Wani ya ɗauki gawayi ya rubuta a ƙarƙashin babban hotonsa na jikin makaranta; aka goge, aka sake rubutawa. Motar lasifika in ta kira sunansa sai a amsa mata daga cikin gonaki. Na ji daɗi? Na ji! Me zan ɓoye? Shekara sittin da shida ban taɓa jin daɗin abu kamar wannan ba, har da ranar aurenmu, yi haƙuri. Abu ɗaya zan ba shi: bai ƙara kiran Ulan ba. Ya cika alkawari. Jininku ne.

Jiya na sa rigar karan-miskin nan, na maƙala lambar yabon. Kiɗa a ƙofar makaranta, ana sayar da gurasa mai nama. Matan Gangare muka tafi tare, mu wajen sittin, muka hau tudun nan hannu sake. Hannu sake! Salkin ta ce ita fa jikinta wani iri take ji, kamar ta manta wani abu a gida.

Ho … ƙahon mota. Biyu. Uku. Ga su nan!

Ina ɗankwalina mai kyau — a'a, bar shi. A kwashe na ƙarshe. A sauke kaskon. Wayyo bayana. Kwano uku, dubi tsibi, har ya fi na sadakarka.

Ga Jipara. A tsakiyarsu, sun riƙe ta ta ko'ina, an yafa mata farin gyale, wani a kan wani, har uku. Kunyar nan tata, tana ta sunkuyar da kai. Ɗago, 'yar nan, ɗago! Ga mai shago a gaba-gaba, baki har kunne — ban ce maka ba? "Ai dama mun sani!" Sannu da sani. Shigo. Ku shigo duka, ku hau sama, akwai wuri. Ta zo ta durƙusa min a gaban kowa, na ɗaga ta, na sumbaci goshinta. Ƙamshin sanyi a gashinta. Waya tana ta ƙara a aljihunta. Ulan ne, wai tun safe yake gaya wa abokan aikinsa matarsa 'yar majalisa ce. Ka ji ɗanka. Yanzu ya san matarsa ce.

Liman ya ɗaga hannu. Amin. Amin. Allah ya sa albarka. Kofuna ba za su isa ba, a aika gidan Salkin. "Malama, yaushe ruwan?" Tun ba ta zauna ba! Ku bar ta ta sha shayi mana. "Kafin sanyi dai ko?" Dariya suke, amma da gaske suke. Zuma ta ƙare a kan shimfiɗa. Bari in ɗauko kwalba a ɗakin ajiya …

Sanyi a nan. Ƙamshin tuffa. Ina na sa na bana — bayan buhunan dankali. Ƙofa. Ita ce, ta biyo ni, ta tura ƙyauren. Fuskarta … me ya faru? Wannan ba fuskar wadda ta ci ba ce.

"Apa." Ƙasa-ƙasa. "Mutanen gunduma sun ce za su gyara, in muka nuna musu inda tsohon bututun ya bi daga marmaro. Taswirar ta ɓace tun lokacin da aka raba gonar gwamnati. Na tambayi kowa. Mutum shida suka haƙa shi. Biyar sun rasu."

Shida. Kai, da Asan gurgu, da 'yan biyun gidan maƙeri, da direban nan … biyar. Na shida ɗan saurayi ne, shi ke riƙe muku igiyar awo. Ƙaramin Yaro.

"Tun kafin in tsaya na sani," in ji ta. "Niyyata bayan zaɓe in je in durƙusa masa, ko ya ci ko ya faɗi. Ina jin da zai saurare ni. Amma tun ranar gayyar nan …" Ta tsaya. Ta gyara min ɗankwali, da hannu biyu, a hankali. Ta karɓi kwalbar. Ta fita.

Tun ranar gayyar nan.

Ba ƙuri'ar ba. Ƙuri'a, namiji yana faɗuwa ya karkaɗe riga ya tashi. Dariyar. A gonarsa, gaban matarsa, gaban 'yan aikinsa … kuma ai na ci tun a tamanin da biyu. Me ya hana in ce wa likitan ya isa? Me ya sa allon a hammata, ta tsakiyar gona? Don ita na yi. Don ita ne. Don jaririn nan. Ko … a'a. Don ita. To me ya sa da na tashi ita ce kaɗai ban nema da ido ba?

Baban Ulan, ta ina kuka bi da bututun? Ta bayan maƙabarta ne, ko ta gonar tuffa? Shekarar ina can saman dutse da godiyoyi tun farkon rani, ban sauko ba sai kaka. Na tarar da ruwa yana zuba a ƙofar gida, na sha, na yi wanki, ban tambaya ba. Shekara nawa muna ɗaki ɗaya ban tambaya ba. Faɗa min. Kai da ka iya karkata allo … faɗa min mana.

Ƙanƙara ta sauko rabin dutse. Sati uku, huɗu in an yi sa'a, ƙasa ta daskare, ba mai haƙa sai bazara. Wani sanyin ke nan. Wata hanyar gilashi. Kuma akwai masu ciki a Gangare, uku na sani …

Bari in ɗan zauna a kan buhun nan. Kaɗan.

Dubi hannuna. Mai ya fallatsar min, har ya tashi. Yaushe? Ban ji ba.

"Kalica! Ina gwanar dara? Fito a gan ki!" Salkin. Suna tafi. Suna buga kofuna.

Ina zuwa. Na ce ina zuwa … bari dai ƙafar ta yarda tukuna.